Ƙullutun Babban Yatsan Ƙafa: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Cikar Shekara, Maradun



Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan uwa da suka yi sammako daga Mafara da Bakura, da mazajenmu da ɗiyanmu da za su karanta wannan a takardar ƙungiya, muna yi wa kowa barka da ganin wannan shekara. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba.

An ba kwamitin lafiya ɗan lokaci tsakanin rahoton ma'aji da rabon riba, kuma mun san ba a son mai dogon zance a irin wanga gurbi. Maganar ƙafa muka zo da ita. Mun ga wasu sun yi murmushi. To ku dubi jarin da ma'aji ta karanta mana ɗazu, ku gaya mana kobo nawa ne a ciki aka samu ba a tsaye ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, shinkafa ta zama abin da ke haɗa Maradun da Mafara da Bakura, rani da damina. Maza su nomo, mu mu turara, mu shanya, mu riƙa juya ta da ƙafa a kan shimfiɗa, mu sheƙe, mu auna. Masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa haka, masu ɗinki ƙafa ce ke taka keke. Ranar da ƙafa ta ƙi, ranar zubin adashi ya fara wuya.

Abin da muke nufi shi ne ƙullutun nan da ke turowa a gefen ƙafa, daidai gindin babban yatsa, shi kuma yatsan ya karkace ya nufi 'yan uwansa, wani lokaci har ya hau na kusa da shi ko ya shige ƙarƙashinsa. A asibiti za ku ji ana ce masa baniyan. A gida kuwa kowa da sunan da yake ba shi: wata ta ce sanyin ƙashi, wata ta ce wani abu ta taka, wata ta ce ai ƙafar gidansu ce haka. Ta ƙarshen nan ita ta fi kusa da gaskiya, za mu dawo kanta.

Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta. Biyar daga ciki dogaye ne, suna kwance a tsakiyar ƙafa, kowane ɗaya yana ɗauke da yatsa ɗaya a kansa. Wanda ke ɗauke da babban yatsa shi ne yake gocewa sannu a hankali ya yi waje, ya rabu da sauran huɗun, yatsan kuma ya kwanta ya yi ciki. Wato abin da kike shafawa ki ji tauri ba sabon ƙashi ba ne ya tsiro, kan ƙashinki ne na asali ya bar mazauninsa. Da zarar ya goce, jijiyoyin da a da suke jan yatsan a miƙe sai su koma kamar tsirkiyar baka, duk takun da kika yi suna ƙara tanƙwara shi. Shi ya sa abin yake ƙaruwa da shekaru. Likita yana auna karkatar a hoton ƙashi da aka ɗauka mutum na tsaye, in ta wuce digiri 15 ya san yatsan ya fita layi.

Ga abin da muke so kowa ta riƙe. A cikin ƙullutun nan abu biyu ne. Akwai ƙashin da ya goce, akwai kuma fata da wata 'yar jakar ruwa da ke ƙarƙashinta, waɗanda suke kumbura su yi ja su yi zafi idan takalmi ya yi ta gogarsu. Na biyun yana saɓewa. Ki huta kwana uku, ki daina sa takalmin da ya jawo, zai sauka ko kin shafa magani ko ba ki shafa ba. Na farkon ba ya komawa, sai dai da aikin tiyata. Nan ne masu tallar magani a kasuwa suke cin kuɗinmu. Ki sayi man shafawa, kumburin fata ya sauka don kansa, ki ce magani ya ci. Bayan wata biyu a yi biki, ki sa takalmin nan, abu ya dawo, ki koma ki sayi kwalba ta biyu. Babu mai, babu jiƙo, babu turare da yake mayar da ƙashin da ya goce.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2010 wasu masana a Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka samu cewa cikin manya masu shekara 18 zuwa 65, kashi 23 cikin 100 suna da shi. Waɗanda suka haura 65 kuwa kusan kashi 36. Mata kashi 30, maza kashi 13. Ku duba layin da kuke zaune, ku ƙirga mutum goma, lissafin ba ya da wuya.

Mi ke kawo shi? Gado ne a gaba. Ba ƙullutun ake gada ba, ƙirar ƙafar ake gada: sakakkun jijiyoyi, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa marar lanƙwasa, da yadda gaɓar take zaune. Shi ya sa za ki ga gwaggo wadda tun da take ba ta taɓa sa komai ba sai silifas, amma ga shi ƙafa biyu. Amosanin gaɓɓai ma yana kawo shi. Sai takalmi, wanda shi ke hura wutar. A 1958 aka duba ƙafafun mutane a Honkon, masu sa takalmi da masu yawo ba takalmi. Masu takalmi, ɗaya cikin uku yana da karkataccen yatsa, marasa takalmi ba su kai biyu cikin 100 ba. Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. A garin Kambirij na Ingila, a 2021, masana suka duba ƙasusuwan mutanen da aka binne ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Waɗanda suka rayu a ƙarni na 11 zuwa na 13, kashi 6 cikin 100 ne ke da shi. Na ƙarni na 14 da na 15, lokacin da aka yi yayin wani takalmi mai dogon tsini, kashi 27. Kuma a can maza ne suka fi yawa, don su ma sun yi yayin. Saboda haka mazajenmu da ke karatu, kada a ce ciwon kwalliyar mata ne.

Yanzu mu zo gida. Yaya muke sayen takalmi? Sallah ta gabato, a karyo tsinken tsintsiya, a auna daga dunduniya zuwa kan yatsa, a ba maigida ko yaro ya tafi kasuwar Mafara ranar Talata. Ko kuwa lefe: dangin miji su aiko a tambayi lamba, a ce 39, a zubo takalma da jakunkunansu kala-kala, duk masu tsinin baki, wasu da dogon dunduniya, ba wanda ya taɓa ganin ƙafar yarinyar. Ita kuma kunya ba za ta bari ta ce ya matse ta ba, sai ta yi ta cusawa. Tsinken tsintsiya tsawo yake aunawa, ba ya auna faɗi. Lamba ma haka. Alhali mai wannan ciwo faɗin ne matsalarta. Takalmi mai dogon dunduniya kuma yana tura nauyin jiki gaba ɗaya zuwa kan yatsu, ya danna su cikin tsinin.

Abin da za mu koma yi ba ya cin ko sisi. A samo takarda, ko bayan kwali. Da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura bayan an wuni a kanta, ki tsaya tsaye a kan takardar, ba a zaune ba, ki sakar mata nauyinki. Wata ta zagaye ƙafar da biro, har da ƙullutun. A yi wa ƙafa biyun, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, a yanke zanen babbar da almakashi. Wannan takardar ce za ta tafi kasuwa. Mai saye ya ɗora takalmin a kanta, in takarda ta leƙo ta gefe, a ajiye shi ko da kyauta aka bayar. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. Iyayen amare, ku aika da takardar nan tare da awon ɗinki, ba abin kunya ba ne. Idan ana aika awon riga, mi zai hana a aika na ƙafa?

Irin takalmin da ya dace shi ne mai faɗin baki, mai laushin sama, fata ko yadi, wanda ɗinki ko maɗauri bai bi ta kan ƙullutun ba, mai ɗan kaurin ƙasa, dunduniyarsa ba tudu. In da maɗauri ta baya ya fi, don yatsu ba sai sun yi ta damƙe shi ba kamar yadda suke yi wa silifas. Silifas ba ya matsa ƙullutu, wannan alherinsa ne, amma wanda ya cinye ya koma kamar ganye ba ya tare komai, a yar da shi. Takalmin roba mai rufi da ake sa wa yara shi ne ya fi muni, ba ya buɗewa, ga zufa. Na gwanjo kuma ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. Takalmin fata mai kyau da kike jin asarar yar da shi, kai wa baduku ya buɗa wurin ko ya yanke ya sa fata mai laushi. Kuma mu riƙa duba ƙafafun 'yan matanmu na makaranta. Gidan da uwa da kaka suke da shi, yarinya tana iya farawa tun tana shekara goma sha. Kada a bar ta da sandal ɗin bara don bai tsinke ba.

Sai rage zafi. Dukanmu mun san gammo. A yanki soso mai laushi, irin na tsohuwar katifa, a yi masa rami a tsakiya kamar ƙaramin gammo, a ɗora yadda ƙullutun zai zauna cikin ramin, takalmi ya danna kewaye ya bar tsakiya. A sa ɗan soso ko auduga tsakanin babban yatsa da na biyu don kada su goge juna su yi rauni. In ya yi zafi da yamma, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti goma, in babu a tsoma cikin ruwan randa, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Mai aikin tsayuwa a kan siminti ta shimfiɗa tabarma ko buhu biyu, abin da za a iya yi a zaune a yi shi a zaune. Motsa yatsu yana taimakawa: ki ware su, ki ja babban a hankali ya miƙe ki sake shi, ki ɗauki tsumma daga ƙasa da yatsun. Wannan yana hana gaɓar sandarewa. Akwai wata roba da ake tallatawa a waya, a ɗaura da dare wai ta miƙar da yatsa. Tana iya rage wa wata ciwo, amma da an kwance yatsa ya koma inda yake. Kada a ci bashi saboda ita. Wadda sujada ko zaman tahiya ke yi wa wuya saboda lanƙwasa yatsan, ga malamanmu nan, ta tambaye su, addini ya yi sauƙi ga mai lalura.

Maganin sha kuma, farasitamol ya isa a yawancin lokuta. Su ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma ba abin sha kullum ba ne: suna cin ciki su kawo gyambo, suna taɓa ƙoda, suna tayar da hawan jini, mai ciki kuma ta nisance su sai da izinin asibiti. Haɗin nan da ake ƙullowa a leda, ƙwaya biyar ko shida ba suna, shi muke roƙo a bari. Sau da yawa akwai irin ƙwayar da ke sa kumatu su ciko, mutum ya ji garau kwana biyu, alhali tana tayar da suga tana raunana ƙashi.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau, don a nan ake rasa ƙafa. Ba a yi wa wannan ƙullutu sakiya. Ba a tsaga shi, ba a kafa masa ƙaho. Wanzamanmu da maɗoranmu mutanenmu ne, muna ganin girmansu, amma wannan ba maruru ba ne da za a fasa ya fitar da mugunya, ba kuma karaya ko targaɗe ba ne da za a ja a ɗaure. Gaɓa ce ke ƙarƙashin fatar, tazararsu kaɗan ce. In ƙarfe ya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa ko ƙashi, magani ya koma na watanni, ga kuma haɗarin tetanus mai sandare jiki. Haka kantar da ke fitowa a kan ƙullutun ko a tafin ƙafa, kada a sa mata reza. A jiƙa, a goge da dutsen goge kaushi a hankali, a shafa mai.

Mai ciwon suga kuwa, ko dutsen ma ta bari sai ma'aikacin lafiya ya gani. Suga yana kashe jin ƙafa. Takalmi zai yi ta cin ƙullutun har ya yi rami ba ta ji ba, sai wari ko ɗaurin zane ya ɓaci ya gaya mata. Raunin mai suga ba ya saurin warkewa, kuma irinsa ne ke kai mutane ga yanke yatsa ko ƙafa. Allah Ya hore mana alwala sau biyar a rana. Duk wankin ƙafa, a duba: gefen ƙullutu, tsakanin yatsu, tafin ƙafa. Wadda idonta ya yi rauni ta sa jika ya duba mata. A tsane tsakanin yatsu da tsumma. A zazzage takalmi kafin a sa. Ba ruwan zafi, ba gashi, ba tafiya ba takalmi a kan shanyar shinkafa da tsakar rana. Wadda ta haura arba'in ba ta taɓa gwada suga ba, ta je ta gwada, ɗigon jini ɗaya ne.

Akwai alamun da in an gani, asibiti za a nufa a ranar, ba sai an jira kasuwa ta ci ba: fata ta fashe tana ruwa, ja yana bazuwa zuwa saman ƙafa, zazzaɓi tare da kumburin, yatsa ya yi baƙi ko ya yi sanyi. Haka in gaɓar ta tashi dare ɗaya, ta yi jawur da zafi har ba a son zane ya taɓa ta. Wannan yana iya zama wani ciwon daban da ake kira gawut, ko ƙwayar cuta a gaɓa, kowanne da maganinsa. In kuma gaɓoɓin hannu ma suna kumbura suna sandarewa da safe, a faɗa wa likita, don yana iya zama amosanin gaɓɓai ne tushen abin. Tsofaffinmu kuma, babban yatsa shi ne madogarar tsayuwa, in ya karkace faɗuwa tana yawa. A ba inna sanda, a gyara mata dokin ƙofa da bakin rijiya.

Tiyata fa? Tana nan, kuma ita kaɗai ke miƙar da ƙashin. Likita yana yanka ƙashin da ya goce, ya mayar da shi layi, ya kafe shi da ƙaramin noti ko waya, ya daidaita jijiyoyin. Hanyoyin aikin sun haura 100, shi zai zaɓa gwargwadon hoton. A Finlan an yi gwaji da mutum 209 aka wallafa a 2001: kashi ɗaya aka yi musu aiki, kashi ɗaya aka ba su shimfiɗar cikin takalmi, kashi ɗaya aka ce su jira. Bayan shekara, waɗanda aka yi wa aiki su suka fi samun sauƙin ciwo. Masu shimfiɗa sun ji dama a watannin farko, daga baya suka yi daidai da masu jira. Saboda haka wadda ta gyara takalmi, ta yi duk abin da muka lissafa, amma ciwo ya hana ta aiki ko barci, ko yatsa ya hau ɗan uwansa yana yi masa rauni, kada tsoro ya hana ta zuwa. Amma ba a yin aikin don ƙafa ta yi kyau da lalle. In ba ya ciwo, likitan kirki zai ce ki koma gida. Yara kuma akan jira ƙashinsu ya gama girma, don in an yi da wuri ya fi saurin dawowa.

A san kuma abin da ke biyo baya. Kamar mako shida ana lallaɓa ƙafar cikin takalmi na musamman, kumburi yana iya kai wata uku zuwa shida, wani lokaci gaɓar ta ɗan yi tauri, kuma in aka koma wa tsohon takalmi abin yana iya dawowa. Mai shinkafa kada ta sa ranar aiki a bakin girbi. A shirya wadda za ta riƙe girki da ɗiban ruwa, maigida ya san da wannan tun kafin a tafi. Hanyar ita ce a fara da babban asibitinmu na Maradun, ko na Mafara, ko na Bakura, a karɓi takardar turawa. Daga nan Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba wanda ke son tafiya biyu inda ɗaya za ta yi. A tafi da hoto da sakamakon gwajin suga a hannu, a tabbatar da ranar da likitan ƙashi yake zama kafin a hau mota.

Hajiya Shugaba, muna da roƙo ga zauren nan. Dokar bashinmu ta ce jari kawai, taki ko buhun shanshera ko keken ɗinki. Muna neman a duba yiwuwar ware wani ɗan kaso daga ribar bana ya zama rance marar ruwa na kuɗin mota da hoto da gwaji, a biya bayan kaka. Muna kuma neman izini mu zauna da dukawan garin nan, mu kai musu takardun ƙafafunmu gaba ɗaya su yi mana takalmi a kan awo, tunda sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. In zaure ya amince, sakatariya ta sa a ajandar zaman wata mai zuwa.

Akwai kwali da biro da almakashi a bayan rumfa, 'yan kwamiti biyu za su tsaya a can bayan rabon riba, duk mai so a zana mata ta tafi da takardarta. Masu ciwon suga kuma ku ɗan dakata kafin ku wuce, a duba muku ƙafa a cikin ɗaki.